Zabura 104: Me Zan Faɗa wa Matan Zumunta Game da Remaye da Zakoki?

Tambaya: Baba Fasto, an ba ni jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki a zumuntar mata ta majami'armu, aka ce in yi a kan Zabura 104. Na karanta ta sau uku. Tana da daɗi, amma ban ga inda zan kama ba: daga ruwa sai duwatsu, sai tsuntsaye da namun jeji. Babu sunan Yesu, babu gicciye, babu kiran tuba. Kuma a cikinmu akwai matan da ruwa ya yanke wa gonakinsu bara, ina jin nauyin in karanta musu cewa Allah yana ba kowa abincinsa a kan kari. Aya ta ƙarshe ma ta tsorata ni, inda ake roƙon a kawar da masu zunubi daga duniya. Yaya zan koyar da ita?

Amsa: Sannu da hidima, 'yata. Wanda ya ba ki wannan zabura bai cuce ki ba. Na daɗe ina koyar da Tsohon Alkawari, kuma ƙorafinki ba baƙo ba ne a kunnena. Ɗalibai sukan ce zaburar ta yi kama da darasin sanin ƙasa, su wuce ta da sauri su tafi ta 51 inda akwai kuka da tuba. Ni ma haka na yi da ita da ƙuruciya. Sai da na zauna da ita a Ibrananci na ga abin da na yi ta tsallakewa. Ayoyin da zan kawo nan fassarata ce, don haka kada ki damu in kalmomin sun ɗan bambanta da na Littafin da ke hannunki.

Ki fara lura da yadda take magana. A Ibrananci, yawancin ayyukan Allah a cikinta an faɗe su ne da siffar da mu za mu ce "mai kaza": mai lulluɓa da haske kamar mayafi, mai shimfiɗa sammai kamar labulen alfarwa, mai mai da gizagizai karusarsa, mai tafiya a kan fikafikan iska, mai sakin maɓuɓɓugai cikin kwaruruka, mai shayar da duwatsu, mai tsirar da ciyawa. Kunnen Bahaushe ya san wannan salon. Kirari ne. Shi kuwa kirari ana yin sa ne a gaban mai shi, yana zaune yana ji, kuma ana yi masa shi ne da abin da ya saba yi. Shi ya sa za ki ga mawaƙin yana jujjuyawa, nan ya ce "kai", can ya ce "shi", kamar maroƙin da ke waiwayar jama'a ya nuna musu sarki, sannan ya sake fuskantar sarkin. Idan kika karanta ta a matsayin labarin abin da ya faru tun farkon duniya ya wuce, za ta zame miki darasin makaranta. Mawaƙin yana zancen aikin da Allah yake kansa yau da safe.

Gaskiya ne tana bin sawun Farawa sura ta 1. Haske a aya ta 2, sararin sama da ruwaye har aya ta 4, rabuwar ƙasa da teku daga ta 5 zuwa ta 9, tsire-tsire daga ta 14, wata da rana a ta 19, halittun teku a ta 25. Kina iya nuna wa matan wannan a minti biyu ki wuce. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne bambancinsu. Farawa tana gaya mana Allah ya gina gida ya gama, ya huta a rana ta bakwai. Zabura 104 tana shigar da mu cikin gidan ne lokacin cin abinci, mu tarar da maigidan a tsaye yana rabo.

Dubi yawan ruwan da ke cikinta. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san ƙasar. A Isra'ila ruwan sama yakan fara ne wajen watan Oktoba ya ɗauke wajen Afrilu, daga nan har wata biyar ko shida ƙasa a bushe. Watanninmu da nasu sun saɓa, amma zaman jiran iri ɗaya ne. Musa ya faɗa musu tun kafin su shiga, a Maimaitawar Shari'a 11:10-12, cewa ƙasar da za su ba kamar Masar take ba inda ake ban ruwa daga kogi. Ƙasa ce mai tuddai da kwaruruka da ke shan ruwan sama, idon Ubangiji yana kanta daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Manomin Masar kogin Nilu yake kallo, na Isra'ila kuwa sama yake kallo, kamar mijin kowace mace a zumuntarku. To, maƙwabtansu Kan'aniyawa sun ce Ba'al ne mai ruwan sama. A rubuce-rubucen da aka fara tonowa a 1929 a Ras Shamra, tsohon birnin Ugarit a gaɓar tekun Siriya, kirarin Ba'al shi ne "mahayin gizagizai". Da mawaƙinmu ya ce a aya ta 3 Ubangiji ne ya mai da gizagizai karusarsa, ƙwace kirarin ya yi ya mayar wa mai shi. Ga manomin da damina ta yi masa jinkiri, maƙwabcinsa kuma yana ce masa ya zo su yi yanka a wurin tsafi, wannan aya shahada ce mai tsada. Ba sai na gaya miki cewa irin wannan jarabawar ba ta ƙare a zamaninsu ba.

Ruwan kuma iri biyu ne a zaburar. Akwai na ban tsoro, wanda ya rufe har kan duwatsu, sai Allah ya tsawata masa ya gudu, ya sa masa iyakar da ba zai ƙetare ba. Wannan daga aya ta 6 ne zuwa ta 9. Daga aya ta 10 sai ga ruwan nan dai ya zama bawa mai ladabi, yana gangarowa tsakanin tuddai yana shayar da dabbobi. Jakunan jeji suna kashe ƙishirwarsu; Ba'ibrane cewa yake suna "karya" ƙishirwa, mu kuwa kashe ta muke yi gaba ɗaya. Ki riƙe kalmar tsawatawar nan, za mu dawo kanta.

Yanzu ga wurin da nake so ki daɗe. Ki ɗauki alƙalami ki ja layi a ƙarƙashin kowace halitta da aka ambata daga aya ta 10 zuwa ta 23, sannan ki tambayi kanki nawa ne daga cikinsu suke da amfani ga ɗan Adam. Jakin jeji ba ya ɗaukar wa kowa kaya. Awakin dutse, waɗanda har yau ake ganinsu a En Gedi kusa da Tekun Gishiri, ba mai tatsarsu. Itatuwan al'ul na Lebanon, waɗanda Sulemanu ya sayo daga hannun Hiram sarkin Taya ya gina Haikali da su, a nan ba a ce komai game da katakonsu ba; an kira su itatuwan Ubangiji, shi ya dasa su, shi yake ƙosar da su da ruwa, amfaninsu kuwa tsuntsaye su yi sheƙa. Sai rema, ɗan abin nan mai kama da zomo marar wutsiya da ke shan hantsi a kan duwatsu, wanda duk wanda ya tashi a ƙasar dutse irin ta Filato ya san shi. Allah ya yi masa kogo. Sai shamuwa.

Shamuwar da ke ratsa Isra'ila fara ce, tana tasowa daga Turai ta bi ta kansu zuwa Afirka, ta sake komawa. Tamu baƙa ce mai farin ciki, wadda in ta sauka a itatuwan gari kowa ya san damina ta ƙarato, a fara gyaran gona. 'Yan gida ɗaya ne. Sunanta a Ibrananci hasida, daga tushe ɗaya da hesed, kalmar nan ta madawwamiyar ƙaunar Allah da ta cika Zabura. Irmiya 8:7 ya yi wa jama'arsa gori da ita, ya ce shamuwa ta san lokatanta amma mutanen Allah ba su san ka'idarsa ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wannan: in kika buɗe Littafin Firistoci sura ta 11, za ki tarar da rema a aya ta 5, shamuwa a ta 19, dukansu cikin jerin marasa tsarki, waɗanda Ba'isra'ile ba zai ci ba, ba zai kai su bagade ba. Amma ga su nan a tsakiyar waƙar yabo, kowa da gidan da Allah ya ba shi. Abin da ba shi da shiga Haikali yana da wuri a akushin Ubangiji. A Ayuba 38:26 Allah da kansa ya tambayi Ayuba wa yake sa ruwa ya sauka a ƙasar da babu kowa, a jejin da ba mutum. Mu da muke lissafin kowane ɗigo da buhu, muna ganin wannan asara ce. Shi kuwa yana yi, kuma aya ta 31 ta gaya mana dalili: Ubangiji yana jin daɗin ayyukan hannunsa.

To ina mutum a cikin wannan duka? Ya fito a aya ta 14 da ta 15, sai kuma ta 23, sannan jiragensa su gifta a ta 26. Shi ke nan, sai kuma a ayoyin rufewa. A Zabura 8 an naɗa masa rawanin daraja, an sa komai a ƙarƙashin sawunsa. A nan ba a ambaci mulkinsa ko sau ɗaya ba. Ga yadda aka shigo da shi: Allah ya kawo duhu, dare ya yi, namun jeji suka fito. 'Ya'yan zaki suna ruri, mawaƙin kuwa ya ce rurin nan neman abinci ne daga wurin Allah, wato abin da ke sa matafiyi makyarkyata shi addu'a ya ji. Rana ta fito, zakoki suka koma suka kwanta. Sai aya ta 23: mutum ya fita zuwa aikinsa, yana wahalarsa har yamma. Kamar masu karɓa-karɓa a wurin aiki, zaki ya tashi daga na dare, manomi ya karɓi na rana. Na duƙe tsohon ciniki ne, amma a wannan zabura ko shi a layi yake tsaye tare da jakin jeji, kowa da ƙwaryarsa.

Wasu suna ganin wannan ƙasƙanci ne ga ɗan Adam. Ni hutu nake gani a ciki. Matar da ta tashi tun asuba ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta shirya yara, ta tafi gona ko kasuwa, ta dawo ta sake ɗora tukunya, tana ji a jikinta kamar in ta zauna gidan zai rushe, ita ce ta fi kowa bukatar jin cewa ba ita ke riƙe da duniya ba. Aikinta yana da daraja, aya ta 14 ta ce Allah yana tsirar da shuka ne domin mutum ya noma, ya fitar da abinci daga ƙasa. Har yau da kalmomin wannan ayar Yahudawa suke sa wa gurasa albarka kafin su ci. Amma tsirarwar ba a hannunta take ba, kuma da yamma aikin yana da iyaka.

Tunda na san wata za ta tambaye ki game da aya ta 15, inda aka ce ruwan inabi yana faranta zuciyar mutum: hatsi da inabi da man zaitun su ne amfanin gona uku da ƙasar ta dogara a kansu, kamar a ce gero da dawa da gyaɗa. Ayar tana cewa ne Allah bai tsaya a kan abin da zai hana mu mutuwa ba, ya ƙara da abin faranta rai da abin sa fuska ta yi sheƙi. Gargaɗi a kan buguwa yana nan daram a Karin Magana 23 da Afisawa 5:18. Ki faɗi wannan ki wuce, kada ya cinye miki lokaci, don na sha ganin nazari ya ƙare a kan wannan aya ɗaya.

Akwai wani abu da ba lalle ki kai wa matan ba, amma ya kamata mai koyarwa ta sani. A Masar, a ƙarni na 14 kafin haihuwar Almasihu, Fir'auna Akenaten ya tilasta bautar faifan rana, wanda suke kira Aten. An sami wata doguwar waƙar yabon Aten a rubuce a bangon wani kabari a Amarna, kuma ta yi kama da ayoyi na 20 zuwa 30 ƙwarai: zakoki suna fitowa da dare, gari ya waye mutane su tafi aiki, jirage suna tafiya a ruwa, har da mamakin yawan ayyukan abin bautar. Masana sun yi ta muhawara ko mawaƙinmu ya san ta. Ko ya sani ko bai sani ba, bambancin ne abin dubawa. A waƙar Masar, in rana ta faɗi duniya takan zama kamar ta mutu, don abin bautarsu ya tafi. A tamu, rana ma'aikaciya ce da ta san lokacin tashinta daga aiki, duhun kuma Allah ne ya kawo shi da hannunsa, yana nan a cikinsa yana ciyar da zakoki. Wataƙila shi ya sa ikilisiyoyin Otodoks na Girka da Rasha suke buɗe sujadar yamma da wannan zabura, daidai lokacin da ake kunna fitila.

Sai teku, wanda Isra'ilawa ba su taɓa sakin jiki da shi ba. A cikinsa akwai Lewiyatan, dodon ruwa. A Zabura 74:14 Allah ya farfasa kawunansa, a Ishaya 27:1 zai hukunta shi da takobi, a Ayuba 41 babu mai iya tunkararsa. A nan fa? Aya ta 26 ta ce Allah ya siffata shi domin ya yi wasa a cikin teku. Ibranancin ma yana iya ɗaukar ma'anar domin Allah ya yi wasa da shi. Abin da duniya ta fi tsoro ya koma kamar ɗan maraƙi mai tsalle a gaban mai garke. Duk lokacin da na zo nan sai na yi murmushi.

Zuciyar zaburar tana aya ta 27 zuwa ta 30, kuma in da abu ɗaya za ki koyar, wannan ne. Dukansu kai suke zuba wa ido, ka ba su abincinsu a lokacinsa. Ka ba su, su tattara. Ka buɗe hannunka, su ƙoshi da alheri. Ka ɓoye fuskarka, su firgita. Ka ɗauke numfashinsu, su mutu su koma ƙurarsu. Ka aiko da numfashinka, a halicce su, ka sabunta fuskar ƙasa. Kalmar da na fassara numfashi ita ce ruwah, 'yar'uwar kalmar Larabci da ta ba mu "ruhu". Tana nufin iska, tana nufin numfashi, tana nufin ruhu, kuma da ita aka faɗi iskar da Allah yake tafiya a kan fikafikanta a aya ta 3. Lura da yadda aya ta 29 ta ce "numfashinsu", ta 30 kuma ta ce "numfashinka". Abin da ke cikin ƙirjinmu aro ne. Kuma ga abin da ya buɗe mini zaburar gaba ɗaya: kalmar Ibrananci "bara", wadda Farawa 1:1 ta yi amfani da ita ta ce Allah ya halicci sama da ƙasa, sau ɗaya tak ta fito a Zabura 104, a aya ta 30 ɗin nan. Ba a sa ta wurin kafa duniya ko shimfiɗa sammai ba. An ajiye ta sai wurin zancen ɗan akuyar da aka haifa jiya, da ƙasar da ta yi kore bayan ruwan shuka. Kin san yadda fili yake a ƙarshen bazara, ja wur, kamar ba zai ƙara fitar da komai ba, sai a yi ruwa biyu, cikin mako guda ya canja fuska. Mawaƙin ya kira wannan halitta, da kalmar ranar farko.

Kin ce babu Yesu a ciki. Sunansa dai babu, amma Sabon Alkawari bai karanta ta haka ba. Ibraniyawa 1:7 ta ɗauko aya ta 4 ta nuna cewa mala'iku bayi ne kamar iska da harshen wuta, Ɗan kuwa yana kan kursiyi, kuma sura ɗin ta ce ta wurinsa aka yi duniya, shi yake riƙe da kome da ikon maganarsa. Kolosiyawa 1:16-17 ta faɗi haka. Ke nan hannun da ake buɗewa a aya ta 28 shi ne wanda aka kafa wa ƙusa. Ki koma kan tsawatawar da na ce ki riƙe. A Markus 4:39 Yesu ya tashi a cikin jirgi ya tsawata wa iska, ya ce wa teku ya yi shiru, kuma kalmar Girkancin da Markus ya sa daga tushe ɗaya take da wadda tsohuwar fassarar Girkanci ta sa a aya ta 7 ta zaburarmu. Almajiran da suka tashi da Zabura a bakinsu sun san wanda ruwa ke gudu daga tsawarsa, shi ya sa tsoronsu ya ƙaru bayan tekun ya kwanta, suna tambayar juna wane ne wannan. Da ya ce a Matiyu 6:26 mu dubi tsuntsaye, ba sa shuka, ba sa girbi, ba su da rumbu, Ubanmu yana ciyar da su, wa'azin Zabura 104 yake yi. Da ya hura wa almajiransa numfashi a Yohanna 20:22 ya ce su karɓi Ruhu Mai Tsarki, aya ta 30 ce ta tsaya da ƙafafunta a cikin ɗaki. Saboda haka Katolika da Angilikan da wasu ikilisiyoyi suke karanta wannan zabura ranar Fentikos, ranar tunawa da saukowar Ruhu Mai Tsarki.

Yanzu ga matan da gonarsu ta ƙone. Kin yi daidai da kika ji nauyi, kuma ina roƙonki kada ki rufe musu baki da karin maganar nan cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya rasa abinci. Gaskiya ce, amma ba a faɗa wa mai rumbu wayam ita daga bakin wanda nasa yake cike. Mutanen da suka rera wannan zabura sun san yunwa. Ita ta kai Ibrahim Masar, ita ta kai 'ya'yan Yakubu wurin Yusufu, ita ta fitar da Na'omi daga Baitalami, garin da sunansa ma yake nufin gidan abinci. A zamanin Iliya an yi shekara uku da rabi ba ruwa. Mawaƙin bai ɓoye wannan ba. Aya ta 29 tana nan manne da ta 28, ɓoyayyiyar fuska kusa da buɗaɗɗen hannu. Matan nan a aya ta 29 suka kwana bara, kuma zaburar ta san da su. Ki bar su su faɗi yadda abin ya kasance. Kada ki yarda wata ta ce zunubin gidansu ne ya jawo. Yesu ya ce Uban yana sa ruwa ya sauka a kan masu adalci da marasa adalci, ya kuma ƙi irin wannan lissafin a Luka 13 da Yohanna 9. Abin da zaburar take ba su shi ne sanin ƙofar da za su buga. Wanda ya ɓoye fuska shi ne mai sabunta fuskar ƙasa, babu wani na biyu da za a je a lallasa. Habakuk 3:17-18 za ta taimake ki a nan, inda annabin ya lissafa gonar da ba ta yi ba da garken da ya watse, ya ce duk da haka zai yi murna da Allah mai cetonsa.

Wannan ne ya kawo mu aya ta 35 da ta tsorata ki. Ki sake duba ayoyi 34 da suka gabace ta. Teku ya tsaya a iyakarsa, rana ta san lokacinta, zaki ya san sa'ar komawa kogo. Halitta ɗaya ce kaɗai take ƙetare iyakar da aka sa mata. Ba kowace yunwa ce daga sama take zuwa ba. Akwai mai saye hatsi da kaka ya kulle sai ya yi tsada, wanda Karin Magana 11:26 ta ce jama'a za su la'ance shi. Akwai mai rage mudu, wanda Amos 8 ya yi wa kashedi. Akwai wanda ya hana manomi zuwa gonarsa da bakin bindiga, akwai mai sare kurmi kaf ya yi gawayi har shamuwa ta rasa inda za ta sauka. Wanda ya ƙare wa duniyar Allah kallo ya ga kyanta, ba zai iya yin shiru a kan mai ɓata ta ba. Ki lura kuma bai ɗauki makami ba, bai ambaci sunan kowa ba. Roƙo ya yi, ya bar hukunci a hannun mai shi.

Malaman Yahudawa sun adana wani labari a kan wannan aya a cikin Talmud, babban kundin koyarwarsu. Wani babban malami na ƙarni na 2, Rabbi Meyir, 'yan iskan unguwarsa sun dame shi har ya fara addu'a su mutu. Matarsa Beruriya ta ce masa kalmar da ke ayar ana iya karanta ta "zunubai" maimakon "masu zunubi". Ta ce ya roƙa musu tuba, in zunubi ya ƙare ai mugaye sun ƙare ke nan. Ya yi haka, suka tuba. A nahawu, "masu zunubi" ya fi ƙarfi, kuma haka fassarorinmu suka bi. Amma matar ta fahimci zuciyar Allah, wanda ya ce a Ezekiyel 33:11 ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya juyo ya rayu. Kiran tuban da kika ce ba ki gani ba, ga shi nan, kuma ya fara ne daga kan mai karatu, don wanda ya roƙi a kawar da masu zunubi dole ya tambayi kansa a wane layi yake. Ina ganin matan zumunta za su ji daɗin cewa mace ce ta gyara wa malam karatu.

Bayan wannan roƙon ne kalmar Halleluya ta fito, kuma nan ne farkon fitowarta a duk littafin Zabura. An yi zabura 103 ba a furta ta ba. A Sabon Alkawari ma ba za ki same ta ba sai a Ru'ya ta Yohanna 19, sau huɗu, bayan faɗuwar Babila.

Game da yadda za ki tsara zaman, in da hali ku fito waje, gindin itace, da la'asar sakaliya. Ki sa mutum uku ko huɗu su karanta ta duka da ƙarfi ba tare da kin katse su da bayani ba. Ba ta kai minti biyar ba. Sannan ki tambaye su wace dabba ko wane tsuntsu ko itace na garinku za su sa a ciki da su ne suka rubuta. Za ki ji an ambaci kuka da ɗorawa, da balbela a bayan shanu, da kukan kwaɗi daren ruwan farko, kuma tsofaffin cikinku za su fi ki sani. Ki bar kowace ta mayar da nata kirari, ta ce "mai ba kaza abinci". Masar da Ugarit ki bar su a aljihu sai in an tambaya. Aya ta 27 zuwa ta 30 kuwa a karanta su sau biyu. Kafin ranar, ki yi magana da shugabar zumunta a asirce, ko waɗanda suka sami amfani bara za su zo da mudu ɗaya ko biyu, a haɗa a kai wa waɗancan gidajen bayan an tashi, ba a gaban jama'a ba.

Ki gaishe mini da su duka, ki kuma rubuto mini abin da tsofaffin suka ƙara a jerin.